Farfaɗowar Holan bayan Yaƙin Duniya na Biyu

Zamanin sake gina ƙasa shi ne sunan da 'yan Holan suke kiran shekarun da suka biyo bayan mamayar Jamus, wadda ta ƙare ranar 5 ga Mayu 1945. Farkonsa sananne ne, amma masana tarihi sun saɓa kan ƙarshensa: wasu na tsayawa a wajajen 1950, wasu kuma na kai shi har 1958, shekarar da Firaminista Willem Drees ya sauka daga mulki.

Halin da yaƙi ya bar ƙasar

Tun a Mayun 1940 jiragen Jamus suka ragargaza tsakiyar birnin Rotterdam. Yammacin ƙasar ya sha yunwa a hunturun 1944 zuwa 1945, har mutane suka koma cin saiwar furanni, kuma ana ƙiyasin mutum wajen 20,000 ne suka mutu. Ruwa ya shanye tsibirin Walcheren da gonakin Wieringermeer bayan an fasa madatsunsu, sojojin mamaya kuma sun kwashe injinan masana'antu da taragun jirgin ƙasa, har da kekunan jama'a. Cikin Yahudawa kimanin 140,000 da ke ƙasar, an kashe fiye da 100,000. 'Yan tsirarun da suka dawo sun tarar da gidajensu a hannun wasu, hukuma kuma ba ta yi musu wata tarba ta kirki ba.

An kama fiye da mutum 100,000 bisa zargin haɗa baki da 'yan mamaya. An zartar da hukuncin kisa kan kimanin 40, ciki har da Anton Mussert, shugaban jam'iyyar 'yan Nazi ta Holan, wanda aka kashe a Mayun 1946.

Kuɗi da albashi

Babbar matsalar gwamnatin farko ita ce takardun kuɗi sun yi yawa, kaya kuwa babu, kasuwar bayan fage ce ke cin karenta ba babbaka. A Satumban 1945 ministan kuɗi Piet Lieftinck ya soke tsofaffin takardun kuɗi baki ɗaya. Kowa ya kai abin da ya mallaka banki, aka toshe asusun, aka ba kowane mutum gilda 10, wato kuɗin Holan na lokacin, ya yi maneji da ita mako guda. Daga nan aka riƙa sakin kuɗin kaɗan-kaɗan, jami'an haraji na bin diddigin dukiyar da aka tara lokacin yaƙi. Wanda ya kasa bayanin inda ya samo tasa, ya sha haraji mai nauyi.

Mataki na biyu, wanda ya fi daɗewa, shi ne riƙe albashi. A Mayun 1945 ƙungiyoyin ƙwadago da na masu masana'antu suka kafa gidauniyar haɗin gwiwa, suka amince gwamnati ta riƙa ƙayyade ƙarin albashi, ita kuma ta danne farashin abinci da kuɗin haya. Wannan ya sa kayan Holan suka yi araha a kasuwannin waje, ribar kuma ta koma gina masana'antu. Ma'aikata ne suka ɗauki nauyin tsarin, domin sun yi shekaru suna aikin kwana shida a mako kan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ofishin tsare-tsaren tattalin arziki da Jan Tinbergen ya jagoranta daga 1945 shi ne ke yi wa gwamnati lissafi. Daga 1948 tallafin Amurka na Shirin Marshall, kimanin dala biliyan 1, ya ba da damar sayo alkama da auduga da injina. Duk da haka an ci gaba da sayen kayan masarufi da katin rabo, kuma sai a 1952 aka cire kofi, wanda shi ne na ƙarshe.

Siyasa da zaman jama'a

Kafin yaƙi al'ummar Holan a rabe take gida-gida: Katolika, Furotesta, 'yan gurguzu masu sassauci da masu ra'ayin 'yanci, kowane rukuni da jam'iyyarsa da jaridarsa da gidan rediyonsa da ƙungiyar ƙwadagonsa. Waɗanda suka kafa Jam'iyyar Ƙwadago a 1946 sun yi fatan rusa wannan rabuwa, amma zaɓen shekarar ya nuna jama'a sun koma gidajensu na da. Abin da ya sauya shi ne Katolika da 'yan Ƙwadago sun yi mulki tare har shekara 12. A 1947 Drees, yana ministan walwala, ya kawo dokar wucin gadi ta tallafa wa tsofaffi, wadda ta zama fanshon kowa da kowa a 1957. A 1948 Sarauniya Wilhelmina ta yi murabus, 'yarta Juliana ta hau gadon sarauta.

Ƙarancin gidaje ne ya fi gallabar talaka. Sababbin ma'aurata kan yi shekaru a ɗaki ɗaya a gidan iyaye, ga haihuwa ta ƙaru sosai. Gwamnati da kanta ta riƙa ƙarfafa ƙaura, dubban iyalai suka nufi Kanada da Ostireliya da Amurka.

Indonesiya

Jagoran 'yan kishin ƙasa Sukarno ya ayyana 'yancin Indonesiya, wadda Holan ta yi wa mulkin mallaka, ranar 17 ga Agusta 1945. Holan ta ƙi yarda, ta kai manyan hare-hare biyu a 1947 da 1948, sannan ta miƙa mulki ranar 27 ga Disamba 1949 bisa matsin lambar Amurka da Majalisar Ɗinkin Duniya. Ana ci gaba da muhawara kan ta'asar da sojojinta suka yi. Gwamnatin Holan ta nemi gafara a 2022.

Hulɗa da waje da ambaliyar 1953

Holan ta yi watsi da tsohuwar manufarta ta 'yan ba-ruwanmu. Ta haɗa kwastan da Beljiyam da Luksambag a 1948, ta shiga ƙungiyar tsaro ta NATO a 1949. A daren 1 ga Fabrairu 1953 teku ta fasa madatsun kudu maso yamma, mutum fiye da 1,800 suka mutu, abin da ya sa aka ƙaddamar da Shirin Delta na toshe bakunan koguna, aikin da ya ɗauki shekaru sama da 40.