Gizo-gizo mai jan gwiwa na Meksiko

Gizo-gizo mai jan gwiwa babban gizo-gizo ne mai gashi daga dangin Theraphosidae, wato waɗanda ake kira tarantula. Jikinsa baƙi ne, gwiwoyinsa kuma ja ne mai sirkin ruwan lemo. Idan ya girma ya baje ƙafafu yakan kai santimita 13 zuwa 15. Yana cikin tarantulan da aka fi kiwo a gidaje a Turai da Amurka, saboda kyan launinsa da sanyin halinsa. Mace kan rayu shekara 25 zuwa 30, namiji kuwa da wuya ya wuce goma.

Mazauni

Asalinsa dazuzzukan gaɓar tekun Fasifik ne a yammacin Meksiko, inda bishiyoyi ke zubar da ganye da rani. A rami yake zama, ƙarƙashin dutse ko saiwar bishiya, sai dare ya yi ya fito bakin ramin ya jira abin da zai gifta.

Tarihi da rikicin suna

Kalmar tarantula daga garin Taranto na kudancin Italiya ta samo asali. Da can wani gizo-gizo na yankin ake kira haka, wanda ba ma dangin wannan ba ne, daga baya sunan ya koma kan manyan gizo-gizo masu gashi na ƙasashe masu zafi.

A 1897 masanin Ingila F. O. Pickard-Cambridge ya bayyana wannan halitta daga samfurin da aka samo a jihar Guerrero, sunan da ya zauna kuwa shi ne Brachypelma smithi. A wajajen shekarun 1970 zuwa 1980 kasuwarsa ta buɗe, masu kamu suka riƙa tono shi daga ramuka ana fitarwa dubbai. Ɓarnar ta yi yawa ne domin dabba ce mai jinkirin girma, mace kan ɗauki shekaru da dama kafin ta fara ƙwai, don haka duk wadda aka ɗauke ba a saurin maye gurbinta. A 1985 aka saka shi a rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, a 1994 kuma aka amince a haɗa da sauran jinsin Brachypelma baki ɗaya. Tun daga nan yawancin waɗanda ake sayarwa bisa doka a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyashe su.

A 1997 aka bayyana wani mai kama da shi, Brachypelma hamorii. Binciken masana Mendoza da Francke na 2017 ya nuna nau'i biyu ne daban, kogin Balsas ya raba su: smithi a Guerrero, hamorii a Colima da Jalisco da Michoacán. Da yawa daga waɗanda aka daɗe ana sayarwa da sunan smithi ashe hamorii ne.

Kiwo

Akwatin gilashi ko roba mai murfi da ƙofofin iska ake saka shi, shi kaɗai, don biyu sukan cinye juna. Faɗin akwatin ya fi tsayinsa muhimmanci: cikin tarantula laushi gare shi, idan ya hau bango ya faɗo daga sama zai iya fashewa, kuma da wuya ya tashi. Ana shimfiɗa ƙasa mai kauri wadda ba ta jiƙe ba, a sa ɓawon itace wurin ɓuya da ɗan faranti na ruwa. Zafi na digiri 22 zuwa 28 ya wadatar. Abincinsa gyare da kyankyaso da fara masu rai, wanda ya girma a ba shi sau ɗaya duk mako ɗaya ko mako biyu, abin da bai ci ba a cire washegari. Maganin sauro na feshi yana kashe shi, haka ma ƙwaron da aka kamo daga gonar da aka yi wa feshi.

Saɓa

Kamar maciji, tarantula yana saɓa. Kafin lokacin yakan ƙi abinci na makonni, fatar bayan cikinsa ta yi duhu. Sai ya saƙa 'yar shimfiɗa ta yana, ya kwanta rigingine ƙafafu a sama. Sabon mai kiwo kan zaci ya mutu, alhali a nan ne bai kamata a taɓa shi ba ko kaɗan. Cikin sa'o'i zai zare jikinsa daga tsohuwar fata, ya fito da launi sabo fil, har ƙafar da ta guntule takan sake tsirowa. Fiƙoƙinsa farare ne masu laushi a lokacin, shi ya sa ake jira mako ɗaya zuwa biyu kafin a ba babba abinci. Gyare ɗaya da aka manta a akwati zai iya cizonsa ya yi masa lahani. Namiji ba ya ƙara saɓa bayan ya balaga.

Haɗari ga mutum

Dafinsa ba mai ƙarfi ba ne, kuma bai cika cizo ba. Makaminsa gashin bayan cikinsa ne, wanda yake kakkaɓowa da ƙafafun baya idan an dame shi. Yana sa susa kamar ƙaiƙayin gero, idan kuma ya shiga ido sai an ga likita. Masu kiwo sun rabu kan ɗaukarsa a hannu. Mafi yawa suna ganin a bar shi a akwatinsa.