Sojan da kotun soja ta ɗaure: inda iyali za su nemi sassauci da afuwa

Idan kotun soja ta yanke wa mutum hukuncin ɗauri, tambayar farko a bakin matarsa da iyayensa ita ce: wa za mu je mu roƙa? Wasu su nufi fada, wasu su shiga neman wanda ya san gwamna, wasu kuma su zuba ido sai ranar 1 ga Oktoba ko za a ji sunansa cikin waɗanda aka yi wa afuwa. Ana cikin wannan faɗi-tashin ne wa'adin da doka ta ba su yake wucewa, ba tare da kowa ya gaya musu akwai shi ba. Abin yana damuna ƙwarai, domin damar da ta fi kowacce girma tana zuwa ne a makonnin farko, daidai lokacin da hankalin iyali ya fi tashi.

Dokar da ake yi wa soja shari'a da ita a Najeriya ita ce Dokar Rundunonin Soja, wadda ta samo asali daga dokar soja mai lamba 105 ta 1993, ta kuma shafi sojan ƙasa da na ruwa da na sama baki ɗaya. Abu mafi muhimmanci a cikinta ga iyali shi ne wannan: hukuncin da kotun soja ta karanta a zauren shari'a bai zama hukunci ba tukuna, sai wata hukuma ta sama ta duba shi ta tabbatar. Wace hukuma ce, ya danganta da muƙamin mutum. Idan hafsa ne, maganar takan je gaban majalisar rundunarsa, kamar Majalisar Sojan Ƙasa. Idan ƙaramin soja ne, takan tsaya a hannun manyan kwamandojin rundunar. Mai tabbatarwa yana da ikon ƙin amincewa da hukuncin, yana da ikon rage shi, ko ya musanya shi da mai sauƙi.

Sashe na 149 na dokar ya ba wanda aka yanke wa hukunci wata uku, matuƙar ba a riga an tabbatar ba, ya rubuta wa mai tabbatarwa duk abin da yake ganin zai sa a sake tunani. Ku lura da sharaɗin: kafin a tabbatar. Idan aka tabbatar a mako na biyar, wannan damar ta wuce, ko da wata ukun bai cika ba. Don haka ba takarda ce da za a ce sai an huce a rubuta ta ba.

A nan ne iyali suke da aiki na gaske. Wanda ke tsare a gadurum ba ya iya fita ya tattara takardu, lauyansa kuma bai san cikin gidan ba. Matar da take kai abinci ƙofar gadurum kullum, ta miƙa kwano a duba, ta tsaya a rana tana jiran a dawo mata da shi, ita ce ta san inda takardar asibitin nan take, wadda ta nuna an cire masa harsashi a cinya. Ita ta san shekara nawa ya yi a daji ba a sauya shi ba, da yawan yaran da ke makaranta, da tsohuwar da yake saya wa maganin hawan jini duk wata. Waɗannan su ne abin da ake sakawa a takardar: tsawon aikinsa, wuraren da ya yi yaƙi, lambobin yabo idan akwai, rashin wani laifi a baya, halin lafiyarsa, da nauyin da ke kansa. Lauya kuma ya ƙara da kurakuran shari'a, misali idan ba a kafa kotun bisa ƙa'ida ba, ko an hana shi kiran shaidunsa. Wasiƙar hakimi ko limami ko fasto ko tsohon kwamandansa tana da amfani, amma a haɗa ta da takardar, kada a tsaya ga saƙon baki. Kuma duk takardar da kuka miƙa, ku riƙe kwafi a buga muku hatimi da kwanan wata a kai. Idan gobe aka ce ba a gani ba, hatimin nan ne shaidarku.

Kada wani ya ce muku wannan matakin wasa ne. A watan Mayun 2014 sojoji a barikin Maimalari da ke Maiduguri suka harbi motar kwamandan Runduna ta 7, Manjo Janar Ahmadu Mohammed, bayan an kawo gawarwakin 'yan'uwansu da Boko Haram ta yi wa kwanton ɓauna. A watan Satumba kotun soja a Abuja ta yanke wa goma sha biyu hukuncin kisa. A watan Disamba aka yanke wa wasu 54 irin wannan hukunci, bisa zargin ƙin fita yaƙi, su kuma suna cewa ba a ba su makaman da za su tunkari abokan gaba ba. Lauya Femi Falana ya tsaya wa da yawansu. A Disambar 2015 rundunar sojan ƙasa ta sanar cewa ta sake duba shari'o'in, ta mayar da hukuncin kisan sojoji 66 zuwa ɗaurin shekara goma. Ba kotun farar hula ce ta yi wannan ba, ba kuma afuwar shugaban ƙasa ba ce: ikon sake dubawa ne da ke cikin rundunar kanta. Haka aka yi a 2009 da sojoji 27 da suka yi zanga-zanga a Akure kan kuɗin alawus ɗinsu na aikin wanzar da zaman lafiya a Laberiya. Ɗaurin rai da rai aka yanke musu, daga baya rundunar ta mayar da shi shekara bakwai.

Idan an tabbatar da hukunci, sai ɗaukaka ƙara. Sashe na 240 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce daga kotun soja Kotun Ɗaukaka Ƙara ake tafiya kai tsaye, daga can kuma Kotun Ƙoli. Sai an nemi izinin kotun tukuna, ban da hukuncin kisa, wanda ba ya buƙatar izini. Wa'adin neman izinin kwana arba'in ne daga ranar da aka sanar da hukuncin a hukumance. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya je ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a da ke babban birnin jiharsa, ko reshen ƙungiyar lauyoyi mafi kusa, ya tambayi masu yin aikin kyauta. Ku zauna da lauyan ku fahimci bambancin nan da kyau: mai ɗaukaka ƙara cewa yake an yi kuskure a shari'ata, mai neman afuwa kuwa cewa yake a tausaya. Wanda yake da hujja mai ƙarfi bai kamata ya bar kwana arba'in ɗinsa su ƙone yana jiran tausayi ba.

To, afuwar fa, a hannun wa take? Nan ne ake yawan ɓata ƙafa. Sojan da aka ɗaure na tsawon lokaci akan miƙa shi ga gidan gyaran hali na farar hula, Kuje ko Kirikiri ko Kaduna, ya zauna tare da sauran fursunoni. Sai gwamna ya zo ranar wani biki ya saki mutum ashirin, iyalin sojan su ce me ya sa aka tsallake namu. Ba tsallake shi aka yi ba. Sashe na 212 ya ba gwamna ikon afuwa ne kan laifukan da dokar jiharsa ta tanada kaɗai. Laifin soja na dokar tarayya ne, kuma sashe na 175 ya ambaci wanda kotun soja ta hukunta ƙarara, ya ce shugaban ƙasa ne zai yi masa afuwa, bisa shawarar Majalisar Ƙoli ta Ƙasa. A wannan majalisa akwai shugaban ƙasa da mataimakinsa, tsofaffin shugabanni, tsofaffin alƙalan alƙalai, shugabannin majalisun tarayya biyu, duka gwamnoni, da Antoni Janar na Tarayya. Gwamnanku na iya sa baki a can, amma sa hannun ba nasa ba ne.

Abin da shugaban ƙasa zai iya yi iri huɗu ne a sashen: ya yafe gaba ɗaya ko da sharaɗi, ya jinkirta zartar da hukunci, ya musanya shi da mai sauƙi, ko ya rage wani ɓangare. Sunaye kan isa gare shi ne ta hannun kwamitin ba da shawara kan afuwa, wanda Antoni Janar yake jagoranta, kuma kwamitin yana dogara sosai da rahoton gidan gyaran hali. Saboda haka takardar roƙo a rubuta ta ga shugaban ƙasa ta ofishin Antoni Janar, a kuma kai kwafi ga shugaban gidan da mutum yake. Abin da aka saba dubawa shi ne tsufa, ciwo mai tsanani, daɗewa a tsare, kyawun hali, da abin da mutum ya koya a ciki, ko sana'a ce ko karatu. Idan ɗanku ya shiga ajin ɗinki ko ya yi rajista da Buɗaɗɗiyar Jami'a daga ciki, a sa takardar shaidar. Babu wa'adin da doka ta sa wa shugaban ƙasa ya amsa, babu kuma kotun da za ta tilasta masa ya yafe. Gaskiyar ke nan, ko da ba daɗi.

Wani abu kuma da ya kamata a faɗa da babbar murya: doka ba ta sa farashi a kan afuwa ba. Duk wanda ya kira ku a waya ya ce yana da hanya a Abuja, ku turo kuɗi a sa suna a jeri, ku ɗauke shi macuci. Iyalan da albashi ya tsaya musu, aka ce su tashi daga gidan bariki, su ne irin waɗannan mutane suke farauta, don sun san wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Sakin talala, wato a saki fursuna kafin wa'adinsa ya cika bisa sharuɗɗa yana ƙarƙashin sa ido, shi ne abin da ake yawan tambaya, shi ne kuma mafi ƙarancin tabbas ga soja. Sashe na 468 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya tanade shi ga wanda aka ɗaure shekara goma sha biyar ko fiye, ko rai da rai, ya yi kashi ɗaya cikin uku, aka shaide shi da halin kirki, shugaban hukumar gidajen gyaran hali ya rubuta wa kotu, kotu ta amince. Sai dai sashe na 2 na wannan dokar ya ce ba ta shafi kotun soja ba. Dokar hukumar gidajen gyaran hali ta 2019 ita ma ta yi tanadin sakin talala ga fursunonin da ke hannunta, kuma ta nan lauya zai iya gwadawa. Shawarata ita ce a gwada, amma kada a jingina duka fata a kansa. Wanda aka ɗaure shekara goma ma bai kai ma'aunin sha biyar ɗin ba.

Abin da ya fi tabbas shi ne rangwamen kyawun hali. A ƙa'idar gidajen yarin Najeriya ana yafe wa fursuna mai ladabi kashi ɗaya cikin uku na wa'adinsa, shi ya sa ake cewa shekarar gidan yari wata takwas ce. Shekara goma takan koma shida da wata takwas, kuma da yawa daga sojojin 2014 a 2021 suka fito. A fayil ɗin kowane fursuna akwai ranakun fita biyu, ta kusa idan ya riƙe rangwamensa, ta nesa idan ya zubar da shi. Ku je ofishin ajiye bayanai ko wurin jami'in walwala ku tambayi ranakun nan, ku rubuta su, ku tambaya daga wace rana aka fara ƙirga. Kuma ku ja masa kunne duk ziyara: faɗa ɗaya, ko waya ɗaya da ganduroba ya samu a ƙarƙashin katifa, na iya cinye masa watanni.

Ga wanda hukuncin kisa yake kansa, ba a zartarwa sai da amincewar shugaban ƙasa. Dokar 2019 ta kuma ce wanda ya ƙare duk matakan ɗaukaka ƙara, ya shekara goma ba a zartar ba, babban alƙali na iya mayar da hukuncin zuwa rai da rai.

Fita daga gidan yari ba ta goge komai. Ɗaurin kotun soja yakan zo ne tare da kora daga aiki, kuma sassauci ko rangwame ba sa ɗauke sunan mai laifi daga kan mutum. Cikakkiyar afuwa ce kaɗai take yin haka, kamar yadda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bayyana a shari'ar Falae da Obasanjo a 1999. Shi ya sa ana iya nemanta bayan an fito, har ma bayan mutuwa: a Maris ɗin 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta yi wa Oladipo Diya afuwa yana raye, ta yi wa Shehu Musa 'Yar'adua da Abdulkarim Adisa bayan rasuwarsu. Maganar komawa aiki, ko a mayar da kora ta zama sallama don a samu haƙƙoƙin ritaya, takarda ce daban da ake rubuta wa rundunar, a haɗa da kwafin hukuncin, da takardar sallama daga gidan gyaran hali, da lambar aikinsa.