Waiwaye: Yadda Kujerar Kocin Tsaron Gida Ta Zama Mai Zafi a Ƙwallon Jami'o'in Amurka

A watan Disamban 2025 jami'ar Tennessee ta sallami Tim Banks, mutumin da ke jagorantar tsaron gidan ƙungiyarta ta ƙwallon Amurka, ta ɗauko Jim Knowles ya maye gurbinsa. Shekara guda kafin nan Banks na cikin 'yan kaɗan da suka kai matakin ƙarshe a takarar gwarzon mataimakan koci na ƙasar baki ɗaya. Shi kuma Knowles, Tennessee ce ƙungiyarsa ta uku cikin watanni goma sha biyu: ya ɗaga kofin ƙasa da Ohio State a Janairu, ya koma Penn State a kan albashin da ba a taɓa bai wa mai irin muƙaminsa ba, kafin shekara ta ƙare ya sake naɗe tabarmarsa. Wanda ya bi sawun tafiyar mutumin nan zai ga yadda ake ɗaukar kocin tsaro a matsayin magani, da yadda ake yi masa hisabi idan ciwo bai tafi ba.

Ga wanda bai saba da wasan ba, wannan ita ce ƙwallon da ake runguma da hannu, 'yan wasa sanye da hular kwano da sulken kafaɗa. Mutum 11 ne a kowane ɓangare. Masu kai hari na da dama huɗu su ci yadi 10, idan suka kai ƙwallo ƙarshen fili sun samu maki 6. Abin da ya bambanta ta da tamaular da muka sani shi ne, 'yan gaba daban, 'yan baya daban, ba sa shiga fili lokaci guda. Idan ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya sai rundunar hari ta fita gaba ɗaya, ta tsaro ta shigo. Ba haka abin yake tun asali ba. Daga 1953 dokar jami'o'i ta taƙaita canjin 'yan wasa, yaro ɗaya ne ke kai hari kuma ya dawo ya tsare gida. A 1965 aka sake buɗe ƙofar canji ba iyaka, ƙungiya ta rabu gida biyu, kowane gida kuma ya nemi mai gida. Daga nan muƙamin kocin tsaro ya yi ƙarfi: shi ke tsara dabarar, shi ke kiran salon da za a tsaya kafin kowane bugu, babban koci kuma yana sama yana sa ido.

An daɗe ana kallon masu wannan aiki a matsayin 'yan bayan fage. A 1996 aka ƙirƙiro lambar yabo ta Broyles domin mataimakan koci, wanda ya fara karɓarta kuwa kocin tsaro ne, Mickey Andrews na Florida State. Sai kuɗin talabijin ya shigo. A 2009 Tennessee ta biya Monte Kiffin sama da dala miliyan 1 a shekara, mutane suka riƙe baki. A 2018 LSU ta ɗaga albashin Dave Aranda zuwa dala miliyan 2.5. To, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da albashi ya hau, haƙurin magoya baya ya sauka.

Labarin Knowles da Ohio State ya samo asali ne daga faɗuwar wanda ya gada, Kerry Coombs. A Janairun 2021 Alabama ta lallasa Ohio State da ci 52 da 24 a wasan ƙarshe na ƙasa. An yi wa Coombs uzuri, domin Alabama ta wannan shekarar ba ta bar kowa ba. Amma a Satumba Oregon ta zo har gida, birnin Columbus, ta ci 35 da 28, tana ta maimaita gudu ta gefe guda ba a iya tare ta ba. Babban koci Ryan Day bai kori Coombs ba, sai dai ya ƙwace kiran dabaru daga hannunsa ya miƙa wa wani mataimaki, Matt Barnes. Mutum yana nan da muƙaminsa da albashinsa, amma akala tana hannun wani. Ƙarshen Nuwamba kuma Michigan ta ci su 42 da 27, ɗan wasanta Hassan Haskins shi kaɗai ya kai ƙwallo ƙarshen fili sau biyar. Rabon Michigan da doke Ohio State tun 2011.

Sai an fahimci nauyin wasan nan kafin a fahimci sauran labarin. Jami'o'in biyu suna karawa tun 1897. Kakar wasa wasanni 12 ce kawai kafin zagayen ƙarshe, ba kamar gasar Firimiya mai wasanni 38 ba inda za ka faɗi yau ka tashi jibi. A Columbus, koci zai iya cin wasa 11, idan ya faɗi a hannun Michigan shekarar ta lalace a idon jama'a. Abin dariya ma, Michigan ɗin da ta yi wannan ɓarnar ita ma sabon kocin tsaro ta kawo. Wanda ya gabace shi, Don Brown, ya shiga wasan 2018 da tsaron da alƙaluma suka ce babu kamarsa a ƙasar, Ohio State ta zura masa maki 62. Shekara ta zagayo ta ƙara masa 56. A ƙarshen 2020 aka sallame shi aka ɗauko Mike Macdonald. Kenan kowace cikin biyun ta taɓa sauya kocin tsaro saboda abin da ɗayar ta yi mata.

A Disamban 2021 Day ya sanar da ɗaukar Knowles daga Oklahoma State a kan dala miliyan 1.9 a shekara. Ba yaro ba ne. Ɗan Philadelphia ne, ya riƙe ƙungiyar jami'ar Cornell a matsayin babban koci daga 2004 zuwa 2009, ya yi shekara takwas yana tsara tsaron Duke, sannan huɗu a Oklahoma State. Akwai wani abu a tarihinsa da masu ɗoki suka tsallake: a Oklahoma State tsaron nasa bai nuna ba sai a shekara ta uku da ta huɗu, bayan yaran sun haddace tsarin. Tsarinsa mai sarƙaƙiya ne, yana amfani da 'yan can baya biyar, yana ɓoye niyyarsa har sai an fara bugu, kuma yana son turo mutane da yawa su afka wa mai jefa ƙwallo. Wannan salon ya dace da ƙungiyar da ba ta da zaratan 'yan wasa, dole ta yi caca kafin ta ci manya. Ohio State kuwa ita ce babbar. Kuma ba ta da shekara huɗu da za ta ba kowa.

Kakar 2022 ta fara da daɗi, wasa 11 ba faɗuwa, alƙaluman tsaro suka gyaru sosai. Sai ranar 26 ga Nuwamba Michigan ta zo Columbus. Knowles ya tara mutanensa a gaba domin toshe gudu, ya bar bayansa a buɗe. Michigan ta ci maki ta hanyar bugu biyar masu dogon zango: yadi 69, 75, 45, sannan Donovan Edwards ya ɓalle da gudu na yadi 75 da na 85 a zangon ƙarshe. Aka tashi 45 da 23. Wata guda bayan haka, a daren shiga sabuwar shekara, Ohio State na gaban Georgia da maki 14 a farkon zangon ƙarshe na wasan kusa da na ƙarshe, ɗan bayanta ya zame ya faɗi, Arian Smith ya karɓi jifa ta yadi 76. Aka tashi 42 da 41.

A nan ne gardamar hisabi take. A wasa guda tsaro kan fuskanci bugu 60 zuwa 70. Idan ya tare 60 ya saki biyar, alƙaluma za su ce ya yi ƙoƙari, allon maki kuma zai ce ya ci amanar gari. Wa ke da laifin yaron da ya zame? Masu kare Knowles suka ce koci ba ya shiga fili. Masu sukarsa suka ce shi ya bar yaron shi kaɗai ba mai rufa masa baya, kuma an biya shi ne domin ya san ranar caca da ranar taka-tsantsan. A ganina masu sukar sun fi gaskiya a kan wasan Michigan, domin abu ɗaya ya faru sau biyar, abin da ya maimaita kansa sau biyar kuwa ya wuce tsautsayi. Amma shi ma Day yana da nasa kason. Shi ya je ya ɗauko mutumin da aka sani da kasada, bai kamata ya yi mamakin ganin kasada ba.

Abin yabo ga Knowles shi ne ya sauya. A 2023 ya rage afkawa, ya bar ƙwarewar yaransa ta yi aiki, ƙungiyar ta koma ba a zura mata fiye da maki 11 da ɗoriya a matsakaicin wasa, ta biyu a ƙasar. Duk da haka Michigan ta sake ci, 30 da 24, kuma abin da mutane suka riƙe shi ne yadda ta riƙe ƙwallo kusan minti bakwai a ƙarshen wasa tsaron ya kasa karɓowa. Bara an ce ya cika kasada, bana an ce ya cika tsoro.

A 2024 jami'ar ta zuba kuɗi. Tun Yulin 2021 aka halatta wa 'yan wasan jami'a samun kuɗi da sunansu, kuma shugaban wasannin Ohio State ya faɗa da bakinsa cewa tawagar ta lashe kusan dala miliyan 20. Manyan 'yan baya da za su iya tafiya gasar ƙwararru ta NFL suka zauna, aka kuma ɗauko Caleb Downs daga Alabama. Uzuri ya ƙare. Da Oregon ta ci su 32 da 31 a Oktoba ba tare da an kayar da mai jefa ƙwallonta ko sau ɗaya ba, Day ya fara shiga zaman tsara tsaro da kansa, abin da ya tuna wa mutane zamanin Coombs. Tsaron ya gyaru ƙwarai. A wasan Michigan maki 13 kacal aka zura musu, amma 'yan gaba suka kawo 10, aka sake faɗuwa karo na huɗu a jere. A wannan ranar babu wanda ya iya barin jaki ya daki taiki, fushin jama'a kan Day ya sauka kai tsaye.

Sabon tsarin gasa mai ƙungiyoyi 12 ne ya cece su. Suka doke Tennessee 42 da 17, suka rama wa Oregon 41 da 21 inda suka kayar da mai jefa ƙwallonta sau takwas, suka cire Texas 28 da 14 bayan Jack Sawyer ya ƙwace ƙwallo ya ruga yadi 83, sannan ranar 20 ga Janairun 2025 suka ci Notre Dame 34 da 23 suka ɗauki kofi. Tsaron Knowles ya gama kakar a matsayi na ɗaya a ƙasar. Ba a cika mako guda ba labari ya fito cewa ya tafi Penn State, abokiyar hamayya a rukuni ɗaya, a kan kusan dala miliyan 3.1 a shekara.

Penn State ta saye shi ne domin abu ɗaya. Babban kocinta James Franklin ya shekara 11 yana cin ƙananan ƙungiyoyi yana faɗuwa a hannun manya, kuma ya tsaya taki ɗaya kafin wasan ƙarshe bayan Notre Dame ta cire shi 27 da 24. Aka shiga kakar 2025 ƙungiyar tana ta biyu a jerin ƙasa. Ta faɗi a hannun Oregon 30 da 24 bayan ƙarin lokaci, wannan ba abin kunya ba ne. Abin kunyar ya zo mako na gaba: UCLA, wadda ta faɗi wasanninta huɗu na farko har ta kori kocinta, ta zura wa tsaro mafi tsada a ƙasar maki 42. Sai Northwestern ta zo har gida ta ci 22 da 21. Washegari, 12 ga Oktoba, aka kori Franklin.

Wannan ya saɓa wa al'ada. Yadda aka saba, kocin tsaro shi ne garkuwar babban koci, domin sallamarsa ta fi arha kuma tana kwantar da hankalin jama'a na ɗan lokaci. Haka Lincoln Riley ya yi a Oklahoma a 2018, ya kori Mike Stoops bayan Texas ta ci 48 da 45. Haka ya sake yi a USC a Nuwamban 2023, ya kori Alex Grinch bayan Washington ta zura 52, kodayake mutane sun yi shekara suna roƙonsa ya yi hakan. Amma garkuwar sau ɗaya ko biyu take aiki. Franklin ya riga ya samu duk abin da ya roƙa, har da kocin tsaron da ya fi kowa tsada, don haka ba sauran wanda zai nuna da yatsa.

Wani abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne halin da Ohio State ta shiga bayan tafiyar Knowles. Ta ɗauko Matt Patricia, wanda aka kora daga ƙungiyar Detroit Lions ta gasar NFL, magoya baya da yawa suka yi ta guna-guni. Tsaron ya ƙara ƙarfi, duk da manyan 'yan wasa da dama sun tafi NFL. A Nuwamba suka doke Penn State ta Knowles 38 da 14, suka kuma je Ann Arbor, gidan Michigan, suka ci ta 27 da 9. Sai aka koma tambayar kofin 2024 na wane ne: na Knowles, na Day da ya sa baki, ko na yaran da aka kashe wa miliyoyi? Masu cewa an gano Knowles sun manta cewa a Oklahoma State da Ohio State duka shekararsa ta farko ce mafi rauni. Masu kare shi da wannan hujja kuma sun manta cewa a zamanin da ɗan wasa ke sauya jami'a duk shekara, tsarin da sai an shekara uku ana koyonsa yana iya rasa waɗanda za su zauna su koya.

Penn State ta ɗauko Matt Campbell daga Iowa State ya zama babban koci, Franklin ya koma Virginia Tech, Knowles kuma ya nufi Knoxville, gidan Tennessee, wajen ƙungiyar da tsaronsa ya taka a Columbus shekara guda kafin nan. Babban kocin Tennessee, Josh Heupel, mutumin hari ne mai son wasa da sauri, salon da kan dawo da 'yan tsaro fili kafin su huce gajiya. Ya riga ya yi amfani da garkuwarsa sau ɗaya a kan Tim Banks. A jadawalin rukunin SEC da Tennessee ke ciki kuwa akwai Alabama tana jiran Tennessee kowace Oktoba.