Me ake nufi da sassauta atisaye kafin gudun fanfalaki?

Duk wanda ya shiga cikin masu gudun asuba a filin wasa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi ko a bakin hanyar Jos, zai ji ana cewa wane ya fara sassautawa, gasa ta matso. Masu horarwa da Turanci suna kiran abin tefarin. Ma'anarsa ita ce mai gudu ya rage yawan atisayensa da gangan, a hankali, a cikin mako biyu zuwa uku na ƙarshe kafin ranar gasa, domin ya iso bakin layi da jikin da ya warke daga gajiyar watanni.

Gudun fanfalaki kilomita 42 da mita 195 ne. Wanda ya shirya masa da gaske ya yi wata uku ko huɗu yana tara gajiya: tsokar cinya da ta ƙwauri sun yi ƙananan tsagewa da ido ba ya gani, gaɓoɓi sun jigata, sukarin da jiki ke ajiyewa a tsoka da hanta kullum a ƙarshe yake. Ƙarfin da atisaye ke kawowa ba a filin gudu yake shiga jiki ba, sai lokacin hutu, sa'ad da jiki ke gyara abin da aka ɓata. Shi ya sa gudu mai wahala da aka yi ana saura kwana goma ba ya ƙara komai da za a amfana da shi ranar gasa. Gajiyarsa kaɗai za ta bi mutum.

Yadda aka fi tsara shi: dogon gudu na ƙarshe, kilomita 30 zuwa 32, ana yin sa saura mako uku. Daga nan a rage kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kilomitocin mako, mako na gaba a sauko wajen rabi, makon ƙarshe kuma gajerun gudu kawai. Abin da ake ragewa shi ne nisa. Saurin da mutum ke niyyar yi ranar gasa yana nan, ana ɗan taɓa shi na 'yan mintoci don kada ƙafa ta yi sanyi. Wanda ya kwanta gaba ɗaya ya daina fita bai sassauta ba, ya yi sake.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne sauran sa'o'in yini, domin a nan ne yaranmu suka fi yin asara. Matashi zai bi tsarin gudu daidai, sannan da yamma abokai su ce a zo a buga ƙwallo a unguwa, ya ga ai jikinsa da ƙarfi, ya shiga, a take masa idon sawu. Wata huɗu na wahala sun tafi a banza. Wani kuma zai zauna gidan kallo ko teburin mai shayi har ƙarfe ɗayan dare, ga asuba na jiransa. Barci a waɗannan makonni ya fi kowane atisaye daraja, kuma ba daren jajibiri ake nufi ba, don wannan daren kusan kowa ba ya samun barcin kirki saboda zumuɗi. Dararen da suka gabace shi su ne abin lura. Mai tsayuwa a shago tun safe har magariba ya nemi kujera, mai aikin ƙarfi ya roƙi sauƙi a makon ƙarshe in da hali.

Sai abinci. Jiki na iya ajiye sukarin da bai wuce kimanin giram 500 ba, kuma idan ya ƙare, wanda galibi ke faruwa bayan kilomita 30, ƙafa takan yi nauyi kamar an ɗaura mata dutse. Don haka a kwana biyu zuwa uku na ƙarshe ake ƙara abinci mai sitaci: tuwon shinkafa, doya, dankali, taliya, har da masarmu ta Bauchi in ba ta sha mai da yawa ba. Ba ƙara cika ciki ake nufi ba, sauya rabon kwano ne: sitaci ya yi yawa, mai da nama su ragu. Wake, yaji mai yawa da ganye su dakata a kwana biyun ƙarshe, don kada ciki ya murɗa a tsakiyar hanya. Idan sikeli ya nuna an ƙara kilo ɗaya ko biyu, kada hankali ya tashi. Kowane giram na wannan sukari yana riƙe da ruwa kusan giram uku, kuma ruwan zai yi amfani.

Kada a gwada sabon abu. Sabon takalmi, ko da ya fi tsohon kyau, yana iya kawo bororo tun kafin a yi rabin tafiya. Haka sabon abin sha na ƙarin kuzari da wani ya ba ka a wurin gasa.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Babbar gasar ƙasar nan, wadda ake yi a Legas tun 2016, galibi a watan Fabrairu take faɗowa. Ɗan Bauchi ko Gombe ya yi shirinsa ne a cikin hunturu, iska a bushe, sanyin asuba na taimakonsa, gumi na bushewa nan take. A Legas iska cike take da laima, gumi ba ya bushewa, jiki kuma ba ya hucewa da sauri. Saurin da ya zo da sauƙi a hanyar Dass zai yi tsada a titunan Legas, don haka a rage buri kaɗan tun daga gida, a saba da shan ruwa a kai a kai, a kuma kare ƙirji daga ƙurar hunturu, don mura a makon ƙarshe ba ƙaramar matsala ba ce.

Tafiyar ma sai an sa ta a lissafi. Daga Bauchi zuwa Legas ya fi kilomita 1,000, kuma wanda ya kwana a mota ƙafa a lanƙwashe zai sauka da kumburi da taurin jiki. A isa saura kwana biyu aƙalla, a miƙe ƙafa a duk inda direba ya tsaya, a karɓi lambar shiga gasa da wuri, sannan a koma masauki a zauna. Yawon ganin gari ya jira sai bayan an gama.