Kada jin kalmar tiyata ya sa ka gudu da ƙari a ƙoda

'Yan uwa, akwai abin da nake yawan gani a wurin aiki, kuma ya ishe ni. Mutum zai zo da ciwon ciki ko na baya, a yi masa hoto, sai a hangi ɗan ƙari a ƙodarsa wanda bai kai santimita 4 ba. Likita ya ce a dawo a zauna, wataƙila a yi aiki. Daga jin "aiki" shi ke nan, ba a sake ganin ƙeyarsa. Wani sai bayan shekaru a kawo shi ya rame, fitsari jajawur, abin ya riga ya kai huhu ko ƙashi. Haba!

Yanzu kuma an samu sabon uzuri: "Na ji an fito da na'ura mai kashe ƙari ba yanka, ita nake jira."

Na'urar gaskiya ce, ba na musu. Sauti ne wanda kunne ba ya ji, dangin wanda ake duba mai juna biyu da shi, sai dai an ƙara masa ƙarfi an tattara shi wuri guda, kamar yadda gilashi ke tara hasken rana ya ƙona takarda. Wani nau'in zafi yake haifarwa, sama da digiri 60, naman wurin ya mutu. Wani kuma, wanda aka ƙirƙiro a Jami'ar Mishigan ta Amurka, ƙananan kumfa yake tayarwa su dagargaza ƙarin, jiki ya kwashe tarkacen a hankali. Babu wuƙa, babu ɗinki. Ni ma ina murna da shi.

Amma ku saurare ni da kyau. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta amince da mai kumfar nan don ƙarin hanta ne. A ƙoda, gwaji aka shiga yi a Ingila da Amurka, kuma kan ƙananan ƙari. Ƙoda tana da wuyar sha'ani: haƙarƙari na tare sautin, kuma duk numfashin da ka ja sai ta motsa. Kada kuma a haɗa shi da na'urar fasa tsakuwar ƙoda da aka fara amfani da ita a Jamus tun 1980, aikinsu daban.

To ka ga, ko da na'urar ta iso gare ka gobe, ƙaramin ƙari take so. Kai da ka ɓuya har ya girma, me ka jira ke nan? Da hannunka ka rufe ƙofar da kake fata.

Na san tsoro ne, kuma ba na ganin laifin mai tsoro. Laifin guduwar nake gani. Da ka tsaya, da ka ji cewa wasu ƙananan ƙarin ba ma ciwon daji (kansa) ba ne. Wani sa ido kawai za a yi, ana hoto lokaci-lokaci. Wani a soka allura ta fata a daskarar da shi ko a ƙona shi. In ma yankan ne, sau da yawa ƙarin kaɗai ake cirewa a bar maka ƙodarka. Duk wannan ba za ka ji shi ba kana kwance a ɗaki kana haɗiyar maganin kashe zafi, wanda yawan shan wasunsa ma ƙodar yake lalatawa.

Don Allah: ka ga jini a fitsari, ko sau ɗaya ne, ko babu ciwo, je asibiti. An ba ka ranar dawowa, ka dawo. Riƙe takardun hotonka. Bar taba, kula da hawan jini. Kana son na'urar sauti, tambayi likitanka kai tsaye ko ta dace da irin ƙarinka. In kuma ƙafarka ta yi nauyi ranar, nemi ɗan uwa ya rako ka, mu za mu karɓe ku tare.