Cin abinci a gidan Kwara: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Tun da aka san ina yawan zuwa wani ɗan gidan abinci na 'yan Labanan, waɗanda Hausawa ke kira Kwara, inda uban ke zaune wurin karɓar kuɗi, uwar na kicin, 'ya'yan na kai farantai, ban ƙara samun sakat ba. Tambayoyin ba sa canzawa, masu yin su ne kawai ke canzawa. Ga amsoshin nan, wanda ya sake tare ni a hanya zan ce ya je ya karanta.

Ba shawarma ce abincinsu ba?

Tasu ce, kamar yadda tsire yake namu. Ka taɓa ganin gidan da ake cin tsire safe da rana da dare? In shawarma kake so, saya a bakin titi ka wuce, kada ka tare wa mutane kujera.

An cika tebur da ƙananan kwanuka, ina abincin?

Shi ne a gabanka, ko in ce rabinsa. Sunansa mezze. Mai laushin nan da aka yi wa rami a tsakiya aka zuba man zaitun, hummus ne: wani wake mai kama da gurjiya, an niƙa shi da riɗi da lemun tsami da tafarnuwa. Na kusa da shi mai ƙanshin hayaƙi mutabbal ne, babban yalo ake gasawa a wuta har bawon ya ƙone, a kwashe cikin. Koren tabbule ne, kusan duk ganye ne da suke kira baƙdunis, da tumatir da na'ana'a da ɗan barzajjen alkama. Falafel ƙosansu ne. Labne kindirmo ne da aka tsane ruwansa ya yi kauri.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mutanenmu ba sa jira. Na taɓa kai wani abokina, aka ajiye burodi mai zafi, irin wanda ke kumbura kamar balan-balan, yana yagawa tururi na fita. Ya cinye uku, ya siɗe hummus, ya nemi ƙari. Da aka kawo gasasshen nama a kan babban faranti, kafta da shish tawuk da haƙarƙarin rago, sai kallo ya rage masa. Ya jingina da kujera yana numfashi kamar wanda ya hau Dala da gudu. Ka ci kaɗan-kaɗan, nama na tafe.

Ina cokali?

Burodin ne cokalin. Yaga kaɗan, lanƙwasa, ɗebo. Wanda ya saba da gurasa ba sai an koya masa ba. Kada dai ka mayar da wanda ka gatsa cikin kwanon jama'a.

Kiran su Kwara zagi ne?

Tsohon suna ne da Hausawa ke kiran 'yan Siriya da Labanan, daga nan Kantin Kwari ya samo sunansa. Sun yawaita a Kano bayan jirgin ƙasa ya iso a 1911, suka shiga cinikin gyaɗa da yadi, har titi gare su mai suna Beirut Road. Amma ba a kiran mutum da shi a gaban idonsa. Ka ce Baba, ko ka ce "ammo", wato baffa, ka ga yadda fuskarsa za ta sake. Kuma ka iya bakinka. Da yawansu a nan aka haifi iyayensu, Hausarsu ta fi ta wasunmu, kada ka kushe girkin matar mutum kana zaton ba ya ji.

Akwai yaji?

Babu irin wanda kake nufi. Zafin abincinsu a tsami yake da tafarnuwa. Farin abin nan da ake kawowa da kaza, tum, tafarnuwa ce zalla da mai da lemun tsami da gishiri, kada ka ɗebe shi kamar man shanu. In ba ka iya ci sai da barkono, ka nemi shatta. Na ga wanda ya zaro ƙullin yajin ƙuli daga aljihu ya barbaɗe tabbule. Uwar gidan ta leƙo ta tagar kicin, ta dube shi, ta koma ba ta ce uffan ba. Ni na ji kunyar.

Ga gicciye a bango, kuma na ji ana sayar da giya. In ci ko in tashi?

To, wannan ita ce tambayar da ta cancanci a zauna a kanta, kuma ba ta da amsa guda.

Da farko, jin Larabci ba shaidar Musulunci ba ce. Labanan ƙasa ce mai ɓangarorin addini 18 da hukuma ta amince da su, akwai Sunni da Shi'a da Duruzawa da Kiristoci iri-iri. Kiristan can ma "insha Allah" yake cewa da "alhamdu lillah". A cikin waɗanda suka zo Najeriya akwai mutanen Miziyara ta arewacin ƙasar, Kiristoci, akwai na Juwayya ta kudu, 'yan Shi'a. Saboda haka kada ka yanke hukunci da suna ko da gemu.

Batun nama ya danganta da garin da kake. A Kano ko Maraɗi ko Yamai, mai gidan ko wane addini yake bi, galibi daga hannun mahautan da kake saye shi ma yake saye, yankan Musulmi ne. A Legas ko Akara, tambaya ta fi. A Landan ko Faris kuwa, tambaya wajibi ce, kuma ba sa jin haushinta, kullum ana yi musu ita. Ka ce "halal?" kawai, za a gaya maka gaskiya. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta abincin Ahlul Kitabi, amma malamai sun yi saɓani a kan naman da inji ke yankawa a ƙasashen Turai a yau, wannan kuma sai ka koma wa malaminka, ba zan raba muku gardama a kan faranti ba. Alade ba ya cikin girkinsu na gargajiya, rago da saniya da kaza ne. Duk da haka ka duba takardar abinci, in ka ga kalmar "jambon", wato naman alade, ka tsallake ta.

Giya kuwa, tasu ta gida sunanta arak, daga inabi ake yin ta. Ga inda ake ruɗuwa: a kwalba fara ce tas kamar ruwa, da an zuba mata ruwa sai ta koma kamar madara. Ba ka nuna kofin teburin kusa ka ce a kawo maka irinsa don ka ga ya yi kama da nono. Wanda kake nema sunansa ayran, ko laban. A Kano, inda ake bin Shari'a tun 2000, da wuya ka ci karo da wannan, amma a Abuja da Legas tana nan. Akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake shan giya. Wasu sun tsaya a kan teburinka kai kaɗai, wasu sun tsananta suka haɗa da ɗakin duka. Ni dai in tana yawo a fili nakan sa a ƙulle mini abincin in tafi da shi, in kuma can wani lungu take, nakan zauna nesa. Ban ce kowa ya yi yadda nake ba.

In zuciyarka ta ƙi kwanciya a kan naman, ba za ka kwana da yunwa ba. Hummus, mutabbal, falafel, fattush (kwaɗon ganye da gutsattsarin burodi), wake da man zaitun, burodi mai za'atar (garin ganye mai ƙanshi da riɗi), kifi in akwai, duk ba ruwansu da yanka. Ganyen inabi da aka naɗe da shinkafa ne kawai iri biyu, mai sanyi ba nama, mai zafi da nama.

Da gaske suna cin ɗanyen nama?

Suna ci, kibbe nayye, jan nama da aka kirɓa da barzajjen alkama. Alfaharinsu ne. Da zafin garinmu da ɗauke wuta, ni soyayyen kibbe nake ci. Mai juna biyu da yara kada su kusance shi.

Mu huɗu ne, me za mu ce a kawo?

Mezze biyar ko shida da babban farantin gashi guda. Ko ka gaya wa yaron gidan yawanku da abin da ke aljihunka, ka bar masa zaɓi. Ka kuma tambayi abin da uwarsa ta dafa yau, wanda sau da yawa ba a rubuta shi ba.

Me ya sa ake daɗewa?

Don sai ka faɗa ake ɗora naman a gawayi, kuma mutum biyu ne a kicin. In sauri kake, yau ba ranarka ba ce.

An kawo 'ya'yan itace da baƙlawa, ban ce a kawo ba.

Kwantar da hankalinka, a irin waɗannan gidaje galibi kyauta ce, har da ɗan kofin gahawa mai ɗaci. Kada ka juya gahawar, kada ka shanye ta har ƙasa, gari ne kwance a gindin. In mai gidan ya zo wucewa ya ce "sahten", lafiya biyu yake yi maka fata, ka ce "ala albak". In ka manta, "na gode, Baba" ta wadatar.

Kowa zai iya biyan nasa?

Zai iya, amma ku haɗa kuɗin tun a mota. Wanda ya gayyato shi ke zuwa gaban Baba. Kada ku tsaya masa a ka da waya kuna lissafin wa ya fi cin falafel.