Tsananin Annobar Korona a Ma'aunin Tarihi

Tun daga ranar 11 ga Maris, 2020, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar korona a matsayin annoba, masana tarihi da likitoci suke muhawara kan matsayinta a jerin annobobin da suka taɓa afka wa bil'adama. Tushen saɓanin shi ne ma'aunin da kowa ya ɗauka: yawan mamata, ko kasonsu cikin jama'ar zamanin, ko shekarun waɗanda suka rasu.

Gwamnatoci sun ba da rahoton mutuwar mutum kusan miliyan 7, amma hukumar ta ƙiyasta cewa a shekarun 2020 da 2021 kaɗai an samu ƙarin mace-mace kimanin miliyan 14.9 a kan abin da aka saba gani. Wannan giɓi ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san ƙasashen da ake binne mamaci a ranar da ya cika ba tare da takardar asibiti ba. A Kano, cikin watan Afrilun 2020, masu haƙa kabari ne suka fara shaida wa duniya cewa gawarwakin da ake kawo musu, galibi na dattawa, sun wuce ƙima.

An fi kwatanta korona da annobar mura ta shekarar 1918, wadda ta kama kusan kashi ɗaya bisa uku na mutanen duniya, ta kuma hallaka, bisa ƙiyasin da aka fi ambata, kimanin miliyan 50, a lokacin da jama'ar duniya ba su kai biliyan 2 ba. A watan Satumban 2021 mamatan korona a Amurka suka zarce 675,000 da aka lissafa wa waccan murar, sai dai yawan Amurkawa ya ninka sau uku a tsakanin lokutan biyu, saboda haka kaso bai zo ɗaya ba. Wani bambancin da ya fi wannan nauyi shi ne, murar 1918 ta fi kwasar masu shekara 20 zuwa 40, wato magidanta da masu shayarwa, ta bar marayu birjik, alhali korona ta fi yi wa tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini illa.

Idan aka koma kan annobar ɗa'una (cutar da ƙuman ɓeraye ke yaɗawa) ta 1347 zuwa 1351, wadda ta cinye aƙalla sulusin mutanen Turai, kuma a cikinta masanin tarihi Ibn Khaldun ya rasa mahaifansa biyu a birnin Tunis, to babu ma batun kusanci.

Duk da haka, kuskure ne a ɗauki ƙarancin kason a matsayin hujjar cewa korona cuta ce mai sauƙi. Ta yi wannan ɓarna ne a zamanin da ake da iskar oksijin a asibitoci, da dokar kulle, da allurar rigakafin da aka fara yi wa jama'a a Ingila ranar 8 ga Disamba, 2020, shekara guda kacal bayan ɓullarta a birnin Wuhan na ƙasar Sin. Likitocin 1918 kuwa ba su ma san ƙwayar da suke yaƙa ba, domin sai a 1933 aka gano ƙwayar cutar mura a jikin ɗan'adam.